Me Ya Sa Wani Gari Ke Bunƙasa, Wani Ya Tsaya A Ƙauye?

A taswirar galibin ƙasashe ƙauyuka ne suka fi yawa, garuruwa matsakaita suna biye da su, manyan birane kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Masana labarin ƙasa sun ce wannan tsari yana da dalili, kuma tushensa ciniki ne da tafiya.

A 1933 wani Bajamushe, Walter Christaller, ya fitar da nazarinsa kan garuruwan kudancin Jamus, inda har yawan wayoyin tarho ya ƙirga don auna muhimmancin kowane gari. Bayaninsa ya tsaya kan abu biyu: yawan masu sayen da sana'a ke buƙata kafin ta riƙe mai ita, da nisan da mutum zai yarda ya yi don samun abu. Ba mai shiga mota don sayen ashana ko gishiri, shi ya sa kowane ƙauye ke da mai tireda. Asibitin ƙwararru ko jami'a kuwa sai da jama'ar yanki guda, kuma mutum zai yini a hanya don ya kai gare su. Saboda haka ƙananan garuruwa ke kewaye babba. Christaller ya ce da ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, da yankin kowane gari ya fito da kusurwa shida kamar saƙar zuma.

Kasuwar mako misali ce a bayyane. Ƙauye ɗaya ba shi da masu sayen da za su riƙe ɗan koli kullum, sai kasuwa ta ci rana ɗaya, gobe ya ɗaure kayansa ya nufi ta gaba. Mai sarin atamfa kuwa tun daga Nijar ko Chadi zai taso zuwa Kantin Kwari a Kano.

A 1949 George Zipf ya yaɗa wata ƙa'ida: birni na biyu yakan kai rabin na farko a yawan jama'a, na uku kuma sulusinsa. Amma tun 1939 Mark Jefferson ya nuna cewa a ƙasashe da dama birni ɗaya ne ke danne saura, kamar Faris a Faransa.

Mulki da hanya ma suna da hannu. A 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, yau Yamai ta yi wa kowane gari na ƙasar fintinkau. Kaduna ta tashi ne bayan an mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru, kamar yadda isowar jirgin ƙasa a 1911 ta ƙara wa Kano ƙarfi da cinikin gyaɗa.

Wannan ilimi ya shafi rayuwar talaka kai tsaye. Idan aka tara asibiti, makaranta da aikin yi a birni ɗaya, dole mai naƙuda ta sha doguwar tafiya, matashi kuma ya bar gona ya tafi ci-rani. Ya kamata masu tsara ƙasa su ƙarfafa garuruwa matsakaita da hanya, wuta da asibiti mai likita, domin su ne mutumin ƙauye zai iya zuwa ya dawo gida a rana ɗaya.