Kasuwar Katako: Sin da Turai a Kan Sikeli

Duk bishiyar da aka sare a dajin Kamaru ko na Gabon, aka tsaga ta katako, aka cusa a kwantena, galibi ɗayan hanyoyi biyu take bi: ko ta nufi Sin, ko ta nufi Tarayyar Turai. Waɗannan masaya biyu halinsu ya sha bamban, kuma halin nasu ne yake yanke wa dazuzzuka hukunci.

Sin ce kan gaba a duniya wajen shigo da tsagaggen katako mai tauri. Dalilin a bayyane yake. Bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998, gwamnati ta taƙaita sare dazuzzukanta na asali, a 2017 kuma ta haramta sarewar kasuwanci a cikinsu baki ɗaya, alhali masana'antun kujeru da gadaje da daɓen ɗaki sai ƙaruwa suke. Dole ta nemo daga waje: katakon itacen roba daga Tailan, katakon gandun dajin Amurka da na Rasha, da okume daga Gabon. Tana saye da yawa, ba ta cika tsangwama ba, shi ya sa in ta ja baya kowa yake ji a jikinsa. Lokacin da ta ƙara wa katakon Amurka kuɗin fito a rikicin cinikin 2018, masu injin yanka katako a can sun ɗanɗana kuɗarsu.

Turai kuwa abin da take saye bai kai haka ba, amma tambayarta ta fi yawa. Sapele da iroko da obeche na Kamaru suna sauka a tashoshi irin su Antwerp ta Beljiyam, a yi da su ƙofofi da tagogi. Tun 2013 doka ta wajabta wa mai shigo da katako ya bincika cewa ba na sata ba ne. A 2023 aka zartar da wata da ta fi ta tsauri, mai neman shaidar cewa kayan bai fito daga filin da aka share dajinsa bayan ƙarshen 2020 ba, ko da yake an yi ta ɗage ranar fara aiki da ita.

A sikelina, tsarin Turai ya fi kare daji, amma yana da ɓaraka. Ɗan kasuwar da takardu suka yi wa nauyi sai ya karkatar da kayansa Asiya, daga baya wani katakon ya koma Turai a matsayin kujera. Sin ma ta gyara dokar dazuzzukanta, tun 2020 ta haramta sayen katakon da aka san na haram ne, sai dai bincikenta bai kai na Turai ba.

Mu ma a Najeriya mun ga illar sakaci. Madobiyar dazuzzukan Taraba an kwashe ta gunduwa-gunduwa zuwa Sin, har sai da yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai ta sa aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Gabon kuwa tun 2010 ta hana fitar da gungume, ta ce a tsaga shi a gida, aiki ya tsaya a hannun 'ya'yanta. Mai saye yana iya tambaya ko ya yi shiru, amma mai daji ne ya kamata ya fara ƙirga bishiyoyinsa kafin jirgi ya iso.