Daga "gidan caca" zuwa gabar Legas: Yadda Sin ta gina rundunar ruwanta

Idan kana cikin masu kwana a TikTok ko Facebook, da wuya ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: ƙaton jirgin ruwa yana keta teku, jiragen yaƙi suna tashi daga kansa ɗaya bayan ɗaya, an sa kiɗa mai zafi, an rubuta a sama wai "Amurka ta shiga uku". A ƙasa kuwa jama'a sun rabu gida biyu, ana ta musu kamar ranar wasan Madrid da Barca.

Abin da masu bidiyon suka dogara da shi gaskiya ne. A yawan jirage, rundunar sojojin ruwan ƙasar Sin ce ta ɗaya a duniya. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta ce a rahotonta na 2023 sun haura 370, alhali na Amurka ba su kai 300 ba. Sai dai ƙirga jirage kawai kamar ƙirga ababen hawa ne a tasha ba ka bambance tirela da a-daidaita-sahu ba. Tambayar da ta fi wannan ita ce, me Sin take so ta tsare da su, kuma har ina take so su kai?

Sinawa ba baƙin teku ba ne. Tsakanin 1405 da 1433, wani kwamanda mai suna Zheng He, wanda aka haifa a gidan Musulmi, ya jagoranci ayarin jirage sau bakwai har gabar Afirka ta Gabas, irin su Mogadishu da Malindi. Har raƙumin dawa aka kai wa sarkinsu. Daga nan fada ta ga abin ɓarnar kuɗi ne, aka juya wa teku baya, aka mai da hankali kan maharan da ke zuwa ta tudu.

Ai kuwa ta tekun aka zo aka ci su. Jiragen Ingila sun yi musu kaca-kaca a yaƙin ofiyom na 1839 zuwa 1842, suka karɓe Hong Kong. A 1895 Japan ta gama da rundunar ruwan da suka sayo wa jirage daga Turai da tsada, ta haɗa da tsibirin Taiwan. Wannan zamani shi suke kira ƙarnin wulaƙanci, kuma duk ɗan makaranta a Sin ya san shi. Rundunar da muke gani yau an kafa ta ne ranar 23 ga Afrilu, 1949, amma ta shekara kusan talatin tana gadin bakin gaɓa da ƙananan jirage.

Wanda ya sauya tunanin shi ne Liu Huaqing, da ya shugabanci rundunar daga 1982 zuwa 1988. A 1980 ya kai ziyara Amurka, aka hau da shi jirgin Kitty Hawk mai dakon jiragen yaƙi, ya ga abin da ya hana shi barci. Ya koma gida yana nacin sai Sin ta mallaki irinsa. Babu kuɗi a lokacin. Sai a 1996, da Sin ta yi ta harba makamai masu linzami kusa da Taiwan ana gab da zaɓe a tsibirin, Amurka ta turo irin waɗannan jirage guda biyu da 'yan rakiyarsu. Sin tana ji tana gani, ba yadda ta iya. Daga nan bakin jaka ya buɗe.

Yanzu ga inda labarin ya koma kamar fim. Tarayyar Sobiyet ta rushe ta bar wani jirgi mai suna Varyag a Yukren, ba a gama ƙera shi ba, yana ta tsatsa. A 1998 wani ɗan kasuwa, Xu Zengping, tsohon ɗan ƙwallon kwando na soja, ya saye shi kan dala miliyan 20, ya ce gidan caca zai mai da shi a Makawo. Gidan caca fa! Turkiyya ta hana a wuce da shi ta mashigin Bosforos fiye da shekara guda, tana cewa hatsari ne ga birnin Istanbul. Da aka samu aka wuce a ƙarshen 2001, sai ga shi ba a yarda mataccen jirgi ya bi ta mashigin Suwez ba. Haka aka yi ta jan sa da igiya, aka zagayo Afirka gaba ɗaya, ta tekun da ke yamma da mu, aka sha kwana ta Afirka ta Kudu, sai a Maris na 2002 ya isa Dalian. Ba a taɓa buga ko karta ɗaya a cikinsa ba. A Satumban 2012 ya fito da sabon fenti da sabon suna, Liaoning, jirgin dakon jiragen yaƙi na farko a tarihin Sin. Liu Huaqing bai gani ba, ya rasu a 2011.

Bayansa suka ƙera Shandong da hannunsu, ya fara aiki a 2019. Na uku, Fujian, ya shiga ruwa a 2022 da na'urar cilla jirage mai aiki da lantarki, fasahar da Amurka kaɗai ke da ita a da. Kada saurin ya ba ka mamaki: kusan rabin jiragen kasuwancin da ake ƙerawa a duniya a Sin ake yin su, kuma masana'antar da ta iya ƙera na dakon kaya ba ta rasa ƙarfe da ma'aikatan ƙera na yaƙi.

To amma fushin tarihi kaɗai ba ya sa ƙasa ta zuba irin wannan dukiya a ruwa. Akwai maganar ciki. Tun 1993 man da Sin ke haƙowa ya daina isar ta, yau kuma babu wanda ya kai ta sayen ɗanyen mai, sama da ganga miliyan 10 a kullum. Mafi yawansa ta mashigin Malaka yake bi, tsakanin Maleshiya da Indonesiya, inda wani wurin faɗinsa bai kai kilomita 3 ba. Ka ɗauka garinku hanya ɗaya tak ke kawo masa abinci, kuma wanda kuke takun-saƙa da shi ne ya fi kowa ƙarfi a kanta. Kayan da Sin ke sayar mana ma ta nan suke fitowa, har da dilolin da ke ƙarewa a Kantin Kwari.

Shi ya sa jiragen yaƙin suka fara bin sawun na kaya. A ƙarshen 2008 suka shiga sintirin 'yan fashin teku a gabar Somaliya, kuma har yau ba su daina ba. A 2011 an tura jirgin yaƙi ya yi rakiya wajen kwashe Sinawa sama da 35,000 daga Libiya. A 2015 suka kwashe mutane daga Yaman. A 2017 suka buɗe sansaninsu na farko a ƙasar waje, a Jibuti, kilomita kaɗan daga na Amurka.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu. Jiragen sojan ruwan Najeriya biyu, Centenary da Unity, a Sin aka ƙera su. Kamfanin Sin ne ya gina tashar ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, kuma a Yulin shekarar jiragen sojan Sin uku suka yada zango a Legas, babbansu Nanning. Man Agadem na Nijar, da kamfanin CNPC ke haƙowa, yana bin bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gabar Benin, daga nan ya hau jirgi. Duk wanda ya zuba jari haka, ba zai bar hanyar kayansa a hannun wani ba.

A ganina, masu cewa Amurka ta shiga uku sun yi gaggawa. Tana da manyan jiragen dako 11, duk masu aiki da nukiliya, Sin tana da uku masu shan mai. Rabon rundunar ruwan Sin da artabu na gaske tun 1988, da ta gwabza da Biyetnam. Da 'yan Huti suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, Sin ba ta shiga ƙawancen da Amurka ta haɗa ba, duk da sansaninta yana nan kusa.

Amma masu ɗaukar Sin a matsayin mai ceton raunana su ma su tambayi masuntan Filifin. A 2016 kotun sasanci a Heg ta ce iƙirarin Sin kan mafi yawan tekun da ke kudu da ita ba shi da tushe a doka. Sin ta yi watsi da hukuncin. Ta riga ta cike wurare da yashi ta mai da su tsibirai masu filin jirgi, kuma dakarunta na gadin gaɓa suna korar ƙananan jiragen maƙwabta da feshin ruwa.

A ƙarshen 2021 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito jami'an Amurka suna zargin Sin na neman sansani a Bata, a Ikwatoriyal Gini. Ba a ga sansanin ba, amma zancen kaɗai ya sa manyan jami'an Amurka suka yi ta sintiri zuwa ƙasar. Buɗe taswirar da ke wayarka ka duba Bata, sannan ka duba Kalaba da Fatakwal.