Wanzamin Ƙarya Na Cikin Teku

Dukanmu mun san carki, tsuntsun nan da ke sauka a kan shanu yana cire musu kaska. To, kifaye ma suna da mai yi musu irin wannan aiki.

A Tekun Pasifik, wajen Ostareliya da Indunisiya, akwai wani ɗan kifi mai cire wa manyan kifaye ƙwari. Bari mu kira shi wanzami. Launinsa shuɗi ne da fari, da baƙin zane tun daga baki har wutsiya. Babban kifi ya kan zo wurinsa, ya tsaya cik, ya buɗe baki. Wanzami ya shiga ya yi aikinsa, ya fito lafiya.

Amma akwai wani ɗan kifi dabam da ke zaune a nan. Turawa suna kiran irinsa bileni. Siriri ne, tsawonsa bai wuce inci 5 ba. Jikinsa ba ɓawo, sumul yake kamar tarwaɗa. Launinsa da zanensa sak na wanzami. Har yadda wanzami ke rangaji cikin ruwa ya kan kwaikwaya.

In babban kifi ya gan shi, sai ya saki jiki, yana tsammanin wanzami ne. Bileni ya lallaɓo ta baya, ya gutsuri fiffikensa ko wutsiyarsa, ya tsere. Ba wannan kaɗai ne abincinsa ba. Yana cin tsutsotsin ruwa da ƙwan waɗansu kifaye.

Yaya za mu bambanta su? Mu dubi baki. Bakin wanzami a gaba yake. Na bileni kuwa yana ƙasa kaɗan, da fiƙoƙi 2 dogaye a muƙamuƙin ƙasa. Bambanci na biyu shi ne ɓawo. Wanzami yana da shi, bileni ba shi da shi.

Wajen haihuwa, macen bileni ta kan zuba ƙwai a cikin rami. Namiji ne ke gadinsu har su ƙyanƙyashe.

Ƙananan kifaye su suka fi faɗawa tarkonsa. Manya da suka taɓa shan cizo su kan duba da kyau kafin su tsaya. Mu ma haka ya kamata mu yi in baƙo ya zo mana da rigar mai taimako. Kama da wane ba wane ba ne.