Tausar tafin ƙafa da gajiyar ma'aikatan Batsari da Safana

A manyan biranen duniya, kamfanoni da masu shirya taruka sun ɗauki wata al'ada: a ware kusurwa a jera kujeru, ma'aikaci ya tuɓe takalmi a daddanna masa tafin ƙafa na 'yan mintoci, sannan ya koma bakin aiki. Turawa na kiran wannan rifileksoloji. Kafin yayin ya iso mana, ya kamata mu san amfaninsa, mu kuma san iyakarsa.

Wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Amurka, William Fitzgerald, shi ne ya kasa jikin mutum shiyya goma a littafinsa na 1917. A 1938 Eunice Ingham ta faɗaɗa wannan ra'ayi, ta mai da tafin ƙafa tamkar taswirar jiki: babban yatsa na kai ne, tsakiyar tafi kuma na kayan ciki. Mabiyanta suna cewa danna wani gurbi a ƙafa yana gyara hanta ko ƙoda.

A nan ne gizo ke saƙar. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, bai kuwa sami gamsasshiyar hujjar cewa wannan tausa tana warkar da wata cuta ba. Gwamnatin Ostireliya ma, daga watan Afrilu na 2019, ta cire ta daga jerin abubuwan da take tallafawa a inshorar lafiya. Abin da ya rage mata shi ne abin da kakanninmu suka daɗe da sani: tausa tana sassauta jiki, tana kwantar da hankali. Ungozoma ta san haka, haka ma mai shafa wa tsohonsa man kaɗanya bayan wunin gona.

Su wa suka fi ma'aikatan yankinmu bukatar wannan sassauci? Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma sun sha ɗacin 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Ma'aikaciyar jinya a Wagini ko malamin firamare a Runka yana aiki ne kunnensa na sauraron daji. Haka matasan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023. Jiki magayi ne: rashin barci, ciwon kai da faɗuwar gaba su ne saƙonsa.

Saboda haka ba na ƙin a shigar da tausa cikin taron bita ko ranar hutun ma'aikata. Ba ta da tsada, maza su yi wa maza, mata su yi wa mata. Sai dai ina da sharuɗɗa uku. Na farko, a fara da awon hawan jini da na sukari, domin su ne masu kisan mummuƙe. Na biyu, mai ciwon sukari da ƙafarsa ta mutu ko ta yi gyambo, da mai kumburin sharaɓa, su nemi shawarar likita tukuna. Na uku, duk wanda ya ce zai gano ciwon hanta ta tafin ƙafa, ya kuma ɗauko kwalbar magani, a sallame shi.

Abin da nake tsoro shi ne a fake da guzuma a harbi karsana: a yi tausar minti goma, a ɗauki hoto, a ce an kula da walwalar ma'aikata. Wanda ya ɗauki gawar maƙwabcinsa yana bukatar ƙwararren da zai saurare shi, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta ba shi wannan haƙƙi. Wadda take kwana ita kaɗai a ɗakin haihuwa tana bukatar abokiyar aiki, da alawus a kan kari, da hanyar da za ta bi ta koma gida lafiya. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyoyin ma'aikata su fara da waɗannan, sannan a kawo kujerar tausa.