Cin Abinci A Kasuwa Da Ƙananan Yara: A Duba Wuri Kafin A Zauna

Shekarun baya a ƙasar Hausa abin kunya ne a ga magidanci zaune bisa bencin mai tuwo a cikin garinsu. Wurin na gwauro ne, da baƙo, da direban da dare ya riska a tasha. Mai iyali kuwa, ko a kasuwa yake wuni, daga gida ake aiko masa da kwano an rufe da faifai. In aka gan shi wurin ƴan tuwo-tuwo, kafin la'asar magana ta kai kunnen surukai cewa ba a ɗora tukunya a gidan wane ba, balle a ce ya ɗebo mata da yara ya kawo su.

A yau zamani ya sake. Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko ta Ƙonni ranar Laraba, ko ta Dole a Damagaram ranar Alhamis, zai ga mata ƴan kasuwa da goyo a baya, wani yaron na riƙe da gefen zane, suna neman inuwar da za su zauna su ci. Zai kuma ga uba da ɗan yaronsa da ya biyo shi rumfa suna cin shinkafa da wake a faranti guda. Mu iyaye da neman abinci ya haɗa mu da hanya, wannan ya zame mana dole, domin wanda ya bar gida da asuba bai san lokacin da zai gama da shingayen duwan da jandarma ba. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da takunkumin CEDEAO na 2023 da ya toshe hanya har cikin Maris na 2024, sun koya wa kowa cewa tafiyar hantsi tana iya kai mutum magariba. Yaro kuwa bai san an rufe iyaka ba, cikinsa kawai ya sani.

Ban da wannan, akwai na marmari. Ranar salla ko kashegarinta, magidanta da dama kan kai iyalinsu gidajen abinci na zamani masu fanka da talabijin, a ci kaza da soyayyen dankali, yara su sha yawurt. Ba mu ga aibin wannan ba. Abin da muke so mu jawo hankali a kai shi ne, sau da yawa mukan zaɓi wurin da ma'aunin cikinmu na manya, alhali da yaro muka zo.

Cikin yaro ba na babba ba ne

Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana ci a tasha-tasha, cikinsa ya saba, ko abinci ya ɓata masa ciki yakan sha jiƙo ya wuce. Yaro ɗan shekara biyu ba haka yake ba. Jikinsa ƙarami ne, ruwan da ke ciki kaɗan ne, zawo da amai na wuni guda sun isa su kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da ƙididdiga a shekarar 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, a cikinsu 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Ta kuma ce nahiyar Afirka ce abin ya fi yi wa nauyi.

Mu nan bakin iyaka ba sai an ba mu labari ba. Ciwon kwalara, wato amai da gudawa, ya ɓarke a yankin Madarunfa cikin daminar 2018, ya kuma dawo a 2021 ya ratsa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, a daidai lokacin da yake ɓarna a arewacin Najeriya. Wannan ciwo ta ruwa da abinci da hannu yake bi, ba ya kuma tsayawa a shinge ya nuna takarda.

Ba a cinikin biri a sama

Babu ɗan kasuwar da zai sayi buhun wake bai huda ya ga ƙwayar ba, ko ya sayi akuya bai buɗe bakinta ya ga haƙora ba. To, rumfar abinci ma haja ce, idon da muke duba kaya da shi ya isa ya duba ta kafin mu zaunar da yaro.

Da farko a dubi tukunya. Abincin da ke tururi, wanda aka kwaso daga kan wuta a gabanka, shi ne amintacce. Ƙa'idar OMS ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, in kuma za a ajiye shi da zafi, to zafin ya haura digiri 60. Shinkafar da aka sauke da hantsi, ta wuni a cikin roba tana ɗumi-ɗumi har la'asar, cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ita ce gidan ƙwayoyin cuta, ko da ba ta yi tsami ba. Shi ya sa rumfar da ke da cinkoso ta fi wadda ba kowa, domin tukunyarta ba ta daɗewa. Mai yara ya yi ƙoƙari ya zo da wuri, lokacin da ake saukewa.

Na biyu, a leƙa bayan rumfa a ga inda ake wanke kwanoni. In baho ɗaya ne tun safe, ruwan ya yi kauri da maiƙo, a nan ake tsoma farantin kowa a fitar, to ko abincin ya dahu, farantin zai mai da hannun agogo baya. Uwar da ta jefa ƙaramin kwano da cokalin yaronta cikin jaka ta huta da wannan tunani, kuma ba mai abincin da za ta ƙi zuba mata a ciki.

Na uku, ruwan wanke hannu. Kwanon da mutum goma suka tsoma hannu a ciki ba wanki yake ba, rabon datti yake. A nemi buta, a zuba wa yaro ruwa yana kwarara, da ɗan sabulu. Guntun sabulu a ƙulle cikin leda ba ya cika jaka, ba ya kuma cin riba.

Na huɗu, ruwan sha. Randar da moɗa ɗaya ke yawo bakin kowa, da ruwan ledar da aka ƙulla da hannu, da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, duk a nisanta su da ƙaramin yaro. Zoɓo da lemun tsamiya da furar da aka dama a kasuwa, lafiyarsu tana ga ruwan da aka haɗa su da shi. Abin da ya fi shi ne a tafasa ruwa a gida a ɗuro wa yaro a gora, in ya ƙare a sayi na leda wanda inji ya liƙe.

Na biyar, ɗanyen abu. Salak da tumatir da kabejin da ake barbaɗawa bisa dambu, da kwalbar mayonez da ta wuni a rana wurin mai shayi, babba na iya ci ya kwana lafiya, yaro kuwa a ba shi abin da wuta ta taɓa. A kuma lura da hannun mai zubawa: in hannun da ke karɓar kuɗi shi ke tsoma cikin nama, ƙudaje na sauka suna tashi, kwata na gudana a gefen benci, gara a gaisa a wuce gaba.

Haɗarin da ba na ciki ba

Rumfar abinci wuri ne na wuta. Murhu a ƙasa yake, kaskon man ƙosai da na awara daidai tsayin yaro mai tatata suke, butar mai shayi na tafasa a bakin tebur, ga ƴan kabu-kabu na ratsawa ta bayan benci. A zaunar da yaro ta ciki, tsakanin manya, nesa da wuta da hanya. A zare masa nama daga tsinken tsire kafin a miƙa masa, a tsince ƙayar kifi, a yanka nama ƙanana, kada a bar ɗan ƙasa da shekara 4 da gyaɗa ko aya a hannu yana ci yana gudu, domin shaƙewa ba ta jiran a kai likita. A gaya wa mai abinci tun kafin ta zuba cewa na yaro ne, ta rage yaji. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, zuma kuma ba a lasa wa yaro sai ya cika shekara.

Lissafin aljihu

A garuruwan iyaka kuɗi biyu ke yawo, sefa da naira. Tun da darajar naira ta faɗi daga watan Yuni na 2023, mai sefa a aljihu yakan ga kamar abinci ya yi araha in ya tsallaka. A tambayi farashi kafin a zauna, a kuma tambaya da wane kuɗi ake magana, don kada a yi cacar baki a gaban yara. Yara biyu ƙanana faranti ɗaya ya ishe su, in bai isa ba a ƙaro, ya fi a sayi biyu a bar rabi.

Amma babban lissafin ba nan yake ba. A ce uwa ta guji farantin dala ɗari mai zafi ta sayi na dala hamsin da ya huce. Ta rage dala hamsin. In yaron ya kwana yana zawo, kuɗin mota da na magani sai su lashe jika biyu ko uku, kasuwar gobe kuma ta wuce ta, mai sayen kayanta ya koma wurin wata. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Mai abinci ma tana da haƙƙi

Gaskiya ɗaya ce, ba duka laifin ke ga masu abinci ba. Yawancinsu mata ne masu ciyar da nasu ƴaƴan da wannan tukunya, ruwan da suke aiki da shi saye suke wurin ƴan garuwa, itace da gawayi kullum ƙara tsada suke. Bencin nan shi ne jarinta. In muka zo mu biyar muka sayi faranti biyu, muka share awa guda a zaune, yara na tsoma hannu a kwanon baƙi, mun tare mata ciniki. In yaro ya fasa kofi a biya, in ya ɓata wuri uwa ta gyara, in fitsari ya kama shi a kai shi nesa da inda mutane ke ci.

Wurin kuma makaranta ne. A gida yara da kwanonsu, uba da nasa, saboda haka sau da yawa a rumfar kasuwa ne yaro ke fara ganin yadda ubansa ke cin abinci cikin mutane. In ya ji uban ya ce wa mai abinci sannu da aiki Hajiya, shi ma zai gaishe ta da Inna. In ya ga an yi bisimilla, an ci da dama, an ci na gaba ba a wawura ba, haka zai tashi. Zai kuma ga almajiran da ke tsaye da robobinsu suna jiran a rage, waɗanda wasunsu sa'o'in yayansa ne. Uban da ya daka masu tsawa ya koya wa ɗansa abu guda, wanda ya ce a zuba masu na dala ashirin mai zafi daga tukunya ya koya masa wani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In ƙaddara ta faɗa

Duk da kiyayewa, yaro na iya kamuwa da zawo a hanya. Abin da ke kashe yara shi ne ƙarewar ruwan jiki, saboda haka a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na SRO nan take, ƙunshi ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu ƙunshin, a haɗa lita 1 da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ma'aikatan lafiya kan haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Kada a tsai da nono, kada kuma a sayi ƙwayoyin masu tallar magani bisa kai da suka wuni a rana. In idanu sun faɗa, maɗiga ta loma, yaro ya kasa sha, ko an ga jini, ko zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, a rufe rumfa a nufi gidan likita mafi kusa, ko na wane ɓangaren iyaka ne. Rigakafin zawon rota da ake ɗiga wa jarirai a baki ya shigo Nijar a 2014, Najeriya kuma a 2022, uwa ta duba katin ɗanta ta tabbata an ba shi.

Daga ƙarshe muna kira ga magadan gari da sarakunan kasuwa da ma'aikatan tsabta: harajin da ake karɓa kowace ranar kasuwa ya kamata a ga famfo da makewayi a cikinsa, kusa da layin masu abinci, domin macen da ke sayen ruwa jarka-jarka ba za ta iya sake ruwan wanki sau biyar a wuni ba. Mu kuma iyaye, mu masu saye ne, kuma kowane ɗan kasuwa ya san mai saye shi ke gyara haja. Ranar da masu abinci suka lura cewa rumfar da ke da buta da sabulu da murfi bisa tukunya ita ce mata masu goyo ke cikawa, sauran ba sai an aika masu duba-gari ba.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka.