Kada A Taɓa Python Ɗin Da Ubuntu Ta Zo Da Shi

Ubuntu 22.04 tana zuwa ne da Python 3.10. Mai rubuta manhaja yakan yi sha'awar sabuwar siga, sai ya cire ta asali ya ɗora sabuwa a gurbinta. Daga nan matsala take farawa.

Dalili kuwa, ita kanta Ubuntu da wannan Python take aiki. Manhajar sabunta tsarin da umarnin add-apt-repository duk da shi aka rubuta su, kuma da wannan sigar aka gwada su. Da zarar an sauya ta sai su tsaya cik, wani lokaci har tagar rubuta umarni ta ƙi buɗewa, ga shi kuwa ta nan ake gyara.

Hanya mafi aminci ita ce a bar ta asali a mazauninta, a girka sabuwar a gefe ta hanyar pyenv ko make altinstall, sannan a keɓe wa kowane aiki wurinsa da venv. A Debian ma, wadda aka gina Ubuntu a kanta, tun daga siga ta 12, a 2023, pip, umarnin girka kayan Python, yana ƙin zuba kaya kai tsaye cikin Python na tsarin. A ganina matakin ya dace, domin masu koyo ne suka fi faɗawa wannan rami.