Babban Inji Ba Ya Ƙara wa Kwale-kwale Ƙarfin Ɗaukar Kaya

Akwai maganar da ke yawo a bakin mashigai, tun daga Kwalkwalawa a nan Sakkwato har Wamakko da Goronyo, kuma ta kai ni maƙura. Wai idan mai fito ya cire ƙaramin inji ya ɗaura babba, jirginsa ya tashi daga sahun masu kifewa, yana iya ƙara fasinja da buhuna. Har za ka ji fasinja na cewa, "Ku shigo wannan, mai doki 40 ne." Subhanallahi! Yaushe inji ya zama katako?

Canjin inji sana'a ce mai ƙa'ida. A Amurka doka ta tilasta a manna wa ƙaramin jirgi mai inji da bai kai ƙafa 20 ba wani ɗan allo mai nuna iyakar mutanen da zai ɗauka, da nauyin kaya, da ƙarfin injin da ya dace da shi. Masu jiragen tsere ma, in za su sauya inji, sai sun ƙarfafa allon baya, sun sake lissafin inda nauyi zai zauna. Mu kuwa sai kafinta ya ƙara ƙusa huɗu a ce Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ke riƙe jirgi a kan ruwa faɗinsa ne da zurfinsa da lafiyar katakonsa. Jirgi yana ɗaukar nauyi daidai da ruwan da cikinsa ya ture, ruwa lita 1,000 kuma kilo 1,000 ne. Inji ba ya ƙara ko lita ɗaya a wannan lissafi, ragewa ma yake yi. Yamaha mai doki 15 bai cika kilo 40 ba, mai doki 40 kuwa ya haura kilo 70, ga jarkokin man da zai sha. Duk wannan nauyi a wuri guda yake taruwa, can ƙarshen baya. Ka tsaya a gaɓa ka kalli irin wannan jirgi idan ya cika: baya ya nutse, tsakanin bakin katako da ruwa bai fi tafin hannu ba, yaro na tsugune yana kwarfar ruwa da kwano. Da an ja wuta goshi zai ɗaga, baya ya ƙara zama. Idan matuƙi ya saki wuta farat ɗaya, igiyar da jirgin ya tayar da kansa ita za ta biyo shi ta shigo ta baya.

To gudun fa? Jiragen tsere an ƙera su ne su hau saman ruwa su zame. Kwale-kwalen katako mai lodi keta ruwa yake yi, kuma yana da iyakar da tsawonsa ya yanka masa. In ya kai nan, ƙarin wuta sai dai ya ƙone mai ya tayar da igiya. Bulala ba ta ƙara wa jaki ƙashin baya. Sannan girgizar babban inji tana sassauta ƙusoshi, tana buɗe mahaɗar katako a hankali, har ranar da za a ci karo da kututture a ƙarƙashin ruwa, da gudu.

Ba mu rasa darasi ba. A watan Mayun 2021 jirgi ya tsage a kogin Kwara kusa da Warrah ta jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150, akasarinsu ba su tsira ba. A Afrilun 2022 an rasa rayuka 29 a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari. A Agustan 2025 wani jirgin mai mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Tsufan katako, tafiyar dare da rashin gada duk suna da kasonsu, amma obalodi ne ke yawan fitowa a bayanan hukumomi, kuma wannan camfi na babban inji shi ke ba obalodi lasisi.

Wanda ya zama dole ya canza inji, ga abin yi. Ya kira masassaƙin jirgi ya duba allon baya tukuna. In tsinin wuƙa ya shige cikin katakon, ya ruɓe, a sauya shi. A ɗaure inji da noti mai ratsa katako, kada a dogara da maƙalai biyun nan kaɗai, a kuma sa masa igiya. A auna ƙafar inji, don akwai gajeruwa mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi. A matsar da jarkar mai da kaya masu nauyi zuwa tsakiya. A gwada jirgin babu fasinja, sannan da buhunan yashi, a shafa fenti a inda ruwa ya kamata ya tsaya, kada a ƙetare shi ko ranar kasuwa. A haɗa fetur da baƙin mai yadda kamfani ya rubuta, a lura ko inji na tsartar da ruwan sanyaya shi. Matuƙi ya ɗaura igiyar kashe inji a hannu, filafili da gora kuma kada su bar jirgi. Rigar kariya da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ke nanatawa a jiki ake sa ta, ba matashin zama ba ce.

Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito, ku ake jin maganarku a mashigi, ku hana jirgin da ya wuce alama tashi. Kai kuma matuƙi, rayukan nan amana ce da za a tambaye ka. Fasinja, ka daina tambayar dokin inji. Ka dubi bakin jirgi da ruwa, in ka ga sun kusa haɗuwa, ka sauka ka jira sawu na gaba.